Daga Ijaza Zuwa Takardar Shaida: Tarihin Horon Malamai a Arewacin Nijeriya

Wanda duk ya shiga birnin Katsina, ya nemi a raka shi tsohuwar kwaleji, zai tarar da wani ginin ƙasa mai kaurin bango, wanda idan aka gwada shi da manyan benaye na jami'o'in yau ba zai cika ido ba, amma kuwa daga cikin waɗannan ɗakuna ne Firayim Ministan Nijeriya na farko ya fito, da Firimiyan Jihar Arewa, da Gwamnanta na farko ɗan ƙasa, da kuma mutumin da ya rubuta Magana Jari Ce. Dukansu huɗun, wato Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Kashim Ibrahim da Abubakar Imam, an kawo su wurin ne domin a koya musu malanta, dukansu sun riƙe alli sun koyar, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ya ƙare rayuwarsa a aji. Wannan al'amari, idan aka dube shi da idon basira, ya ƙunshi rabin ƙissar horon malamai a ƙasarmu. Sauran rabin kuwa shi ne abin da ya auku sa'ad da aka buƙaci malamai dubu ɗari cikin ƙiftawar ido, aka ce lalle sai an samo su ko ta halin ƙaƙa.

Kafin zuwan Turawa, ƙasar Hausa da Barno ba su san wata makaranta da aka keɓe domin horon malamai ba, saboda kowace makaranta ita ce ke haifar malamanta. Yaro yakan shiga tsangaya yana ƙolo, ya zama titibiri, ya kai ga gardi, kuma tun bai sauke ba alaramma zai fara ɗora masa ƙanana yana biya musu karatu, yana duba musu allo, ta yadda ranar da zai tashi ya kafa tasa makarantar ya riga ya shekara goma ko fiye yana koyarwa a gaban idon wanda ya fi shi. Haka abin yake a makarantun zaure, inda ake karanta fiƙihu da nahawu da lugga da tafsiri: ɗalibi yakan lizimci malami guda har ya ƙare littafi, daga Ahalari zuwa Ishmawi, daga Iziyya zuwa Risala, har ya kai Muhtasar, sa'an nan idan malamin ya gamsu da fahimtarsa da ɗabi'unsa, ya ba shi ijaza, wato izinin karantar da wannan littafi, tare da silsilar malaman da aka karɓo shi daga gare su har zuwa ga mawallafinsa. Ijaza shaida ce da mutum sananne ya bayar a kan mutumin da ya sani, kuma idan almajirin ya yi kwaɓa a fatawa, sunan malaminsa ne zai fara zubewa. Saboda haka ba a bayar da ita da garaje. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas domin neman ilimi, ƙanensa Abdullahi kuwa ya wallafa littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, domin kawai ya lissafa shaihunan da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya ɗauka daga kowannensu.

Hatta ta wajen mata an yi wani tsari wanda ya cancanci a kira shi horon malamai da cikakkiyar ma'anar kalmar, domin Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta zaɓi dattijan mata masu amana daga ƙauyuka, ta koya musu waƙoƙin wa'azi da na hukunce-hukuncen ibada cikin Hausa da Fulatanci, ta naɗa kowacce jaji, ta ɗora mata malfa alamar izini, sa'an nan ta mayar da su garuruwansu suna karantar da 'yan uwansu mata, waɗanda aka sani da 'Yan Taru.

Ba za mu ce wannan tsohon tsari ba shi da aibi ba. Yana cin shekaru masu yawa, fannoninsa ba su wuce na addini da harshen Larabci da ɗan hisabi ba, babu kuma hukumar da za ta hana jahili shimfiɗa buzu ya tara yara. Amma yana da abu biyu da suka riƙe shi: doguwar mulazama a gaban gwani, da kuma girman da jama'a ke ba malami, wanda ko bai da albashi ba ya kwana da yunwa, domin zakka da sadaka da kuɗin Laraba suna zuwa, almajirai suna taya shi noma, kuma ba a naɗin suna ko ɗaurin aure a unguwa sai da shi.

Da Turawa suka ci ƙasar a 1903, sun tarar da makarantun allo da aka ƙiyasta yawansu ya kai wajen dubu ashirin, amma ba su tarar da wanda zai rubuta musu lissafin haraji da baƙaƙen boko ba, sai akawunan da suka ɗauko daga kudu da bakin teku. Da yake sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addini ba, ba su kuma saki masu mishan su buɗe makarantu a cikin ƙasashen Musulmi ba, sai ya zama wajibi gwamnati ta yi nata malaman da kanta. Aka ɗora wannan aiki a kan Hanns Vischer, haifaffen ƙasar Siwizalan, wanda saboda ƙwarewarsa a harshenmu da al'adunmu aka yi masa laƙabi da Ɗan Hausa, kuma gidansa yana nan a Nasarawa ta Kano har yau da wannan suna. A 1909 ya buɗe makarantarsa, kuma ajin da ya fara da shi na malamai ne, manyan mutane waɗanda suka riga suka yi karatun allo da na littattafai, sarakuna suka aiko su, ya koya musu rubutun Hausa da boko, da lissafi, da labarin ƙasa, da kiwon lafiya, domin su koma lardunansu su koyar. Hikimarsa ita ce ya ɗora sabon gini a kan tsohon tushe, ya ɗauki wanda jama'a suka riga suka kira malam ya ƙara masa wani fanni. Sai dai Yaƙin Duniya na Farko ya ɗauke shi daga ƙasar, kuma abin da malaman nan suka samu cikin ɗan lokaci bai isa ya kai yaro nesa ba, musamman a Turanci.

Wannan giɓi ne ya sa aka kafa Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1921, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, Gwamna Hugh Clifford kuma ya buɗe ta a watan Maris na 1922. Ana zaɓo yara ƙalilan daga kowane lardi, waɗanda suka fi hazaƙa a makarantunsu, su tako tafiyar kwanaki a ƙasa da 'yan kayansu, su zauna shekara biyar a gidajen ƙasa irin na garinsu, da tufafi irin na iyayensu, suna salla cikin jam'i, suna karatun Larabci da addini a wurin malamai irin su Malam Bello Kagara mai littafin Ganɗoki, suna kuma koyon Turanci da lissafi da tarihi da dabarun koyarwa a wurin Turawan da suka fito daga manyan jami'o'in Ingila. An tsananta musu a kan lafazin Turanci da tsabta da kiyaye lokaci, har ya zama ana gane ɗan Kwalejin Katsina da zarar ya buɗe baki. Da aka sake fasalin ilimi a wajen 1930, aka kafa makarantun midil a manyan garuruwan larduna, su ne suka riƙe su: Ahmadu Bello a midil ta Sakkwato daga 1931, Abubakar Imam a ta Katsina daga 1932, Abubakar Tafawa Ɓalewa a ta Bauchi daga 1933. Amma kwalejin da ke yaye ɗalibai kaɗan haka a shekara, ga ƙasa mai mutane miliyoyi, tamkar ɗigon ruwa ce a kan rairayi. Ga shi kuma tun daga wannan lokaci aka soma karkatar da ita ga shirya ma'aikatan wasu sassa na gwamnati, har aka mayar da ita Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, inda daga baya ta zama Kwalejin Barewa, makarantar sakandare.

Malaman elemantare kuwa, waɗanda su ne ke fara riƙe hannun yaro, an buɗe musu ƙananan wuraren horo a Katsina da Bauchi, da kuma Toro domin yankunan da ba na Musulmi ba, masu mishan su ma suka kafa nasu a wurare irin su Gindiri da Kagoro. A Kano, Sarki Abdullahi Bayero ya tsaya aka buɗe Makarantar Shari'a a 1934 da shaihunan da aka gayyato daga Sudan, wadda a 1947 ta zama Makarantar Nazarin Larabci, ta riƙa yaye malaman Arabiyya tare da alƙalai. Wasu daga cikin ɗalibanta, kamar Abubakar Mahmud Gumi, aka tura su Bakhtur Ruda ta Sudan domin ƙarin sanin usulubin koyarwa. Mata su ne aka bari a baya ƙwarai, domin sai a 1939 aka buɗe musu wurin horo a Sakkwato, kuma da yake iyaye ba sa sakin 'ya'yansu mata ga malami namiji, rashin malama ya hana samun ɗaliba, rashin ɗaliba kuma ya hana samun malama, aka daɗe ana zagaye a wuri guda.

A nan ne cuta ta farko ta bayyana, wadda kuwa nasarar horon ce da kanta ta jawo ta. Da yake kusan duk wanda ya yi karatun boko mai zurfi a Arewa malamin makaranta ne, sai ya zama kowace ƙofa da aka buɗe, daga aji ake ɗauko wanda zai shige ta. Ahmadu Bello bai wuce shekara uku yana koyarwa ba aka naɗa shi Sarkin Rabah a 1934. Abubakar Imam aka janye shi Zariya aikin talifi, ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Aminu Kano, wanda ya dawo daga Landan ya kafa Ƙungiyar Malaman Arewa a 1948, ya ajiye aikinsa a kwalejin horon malamai ta Maru a 1950 ya rungumi siyasa. Aliyu Makaman Bida, tsohon hedimasta, ya zama ministan ilimi. Shehu Shagari ya bar makarantar Argungu ya bi hanyar da ta kai shi shugabancin ƙasa. Da mulkin kai ya ƙarato, aka tashi cika ofisoshin gwamnati da 'yan Arewa, sai aka kwashe malamai aka mai da su Di'o-Di'o da sakatarori da 'yan majalisa. Ƙasa ta amfana da su, babu shakka, amma aji ya yi hasarar gwanayen da ya kamata a ce su ne za su zauna su reni na bayansu, aka yanke silsila tun ba ta yi tsawo ba.

Duk da haka, shekarun farko na mulkin kai sun zo da kyakkyawan yunƙuri. Hukumar Ashby, wadda ta miƙa rahotonta a 1960, ta nuna cewa akasarin masu koyarwa a ƙasar ba su da horon da ya dace, ta ba da shawarar a samar da wani sabon mataki na malami tsakanin mai digiri da mai ƙaramar shaida. Daga nan aka sami manyan kwalejojin malamai, ta Zariya a 1962 da ta Kano a 1964, masu bayar da shaidar NCE bayan karatun shekara uku. A ƙarƙashinsu kuma akwai kwalejojin horon malamai na larduna, irin su Wudil da Bichi da Maru da Toro, inda yaro ke shiga daga firamare ya yi shekara biyar a makarantar kwana, ana ci da shi, ana ba shi ɗan alawus, ana koya masa yadda ake tsara darasi da yadda ake rubutu a allo da yadda ake bi da yaro mai nauyin fahimta, a kai shi makarantar gwaji ya koyar malamansa na zaune a bayan aji suna rubuta kurakuransa, kafin ya fito da shaidar malanta mai daraja ta biyu. Waɗanda suka yi firamare a hannun irin waɗannan malamai har gobe suna tuna yadda ɗan aji bakwai yake rubuta wa dagaci wasiƙa da Turanci ba tare da an gyara masa ba.

Cuta ta biyu ta zo ne tare da arzikin man fetur. A 1974 Janar Yakubu Gowon ya yi shelar za a ba kowane yaro ilimin firamare kyauta, a watan Satumba na 1976 kuma gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin, wanda aka sani da UPE. An yi tanadin yara kamar miliyan biyu da dubu ɗari uku a aji ɗaya, sai ga wajen miliyan uku sun hallara. Niyya kyakkyawa ce, kuma 'ya'yan talakawa da yawa da ba su taɓa mafarkin shiga aji ba sun shiga ta dalilinta. Amma aji ana iya gina shi cikin wata uku, malami kuwa ba ya ginuwa haka. Aka buɗe sababbin kwalejoji barkatai ba tare da isassun masu horarwa ba, aka yanka horon gida-gida, shekara ɗaya ga wanda ya ci jarrabawar sakandare, biyu ga wanda ya faɗi, aka kuma ɗebi waɗanda iyakarsu firamare aka sa su a aji da sunan malaman wucin gadi. A wannan shekara ta 1976 aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna domin ta bi waɗannan da ke bakin aiki da darussa daga nesa, ta ɗaga darajarsu, ta kuwa yi aiki mai yawa; sai dai karatun ƙarshen mako da na hutu, ko da ya ba mutum takarda, ba ya maye gurbin zama a gaban gwani. Masu iya magana sun ce sauri ya haifi nawa. Yaron da malamin wucin gadi ya koyar shi ne ya shiga kwaleji bayan shekara shida da raunin karatunsa, ya fito malami, ya gadar da raunin ga na bayansa.

Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka bar wa jihohi da ƙananan hukumomi nauyin albashin malaman firamare, sai aka shiga zamanin da malami ke wata uku, wata shida, bai ga albashi ba, yana cin bashi a wurin mai shago, da rana yana aji da yamma yana gona ko kasuwa, ana kuma rarrashinsa da cewa ladan malami yana lahira. Mutumin da a da in ya hau kekensa ake tashi a gaishe shi, ya zama wanda mai gidan haya ke jinkirin ba shi ɗaki. Ɗalibai kuma suna gani, gani ga wane kuwa ya ishi wane tsoron Allah. Saboda haka mai ƙoƙari ya nufi likitanci da lauyanci da injiniyanci, kwalejin ilimi ta zama mafakar wanda jami'a ta ƙi ɗauka. Hukuma ta nemi maganin abin ta hanyar dokoki: aka kafa hukumar kula da kwalejojin ilimi a 1989, da majalisar rajistar malamai a 1993, aka tsayar da NCE a matsayin mafi ƙarancin shaidar da za a koyar da ita, aka rufe kwalejojin daraja ta biyu aka mai da su sakandare. Takarda ta ƙara nauyi, amma an rushe wurin da aka ƙware wajen shirya malamin ƙananan yara, aka maye gurbinsa da zauren lacca mai ɗaukar ɗalibai ɗaruruwa, inda malami bai san sunan ɗalibinsa ba, balle ya shaidi halinsa, inda kuma zuwa gwajin koyarwa yakan zama cika sharaɗi kawai.

Sakamakon ya fito fili a Jihar Kaduna a 2017, sa'ad da gwamnati ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarrabawa a kan darussan aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba, aka sallame su, ƙungiyar malamai ta yi jayayya a kan yadda aka shirya jarrabawar, aka yi yajin aiki da zanga-zanga. Ko wane ɓangare mutum ya goya wa baya a wannan rigima, akwai tambayar da ta fi ta korar nauyi, domin mafi yawan mutanen nan suna riƙe da takardun shaida masu hatimi: wa ya ba su, a kan wane sani ya ba su, kuma wa aka tuhuma da ya sa hannu? A zamanin ijaza amsar tana rubuce a jikin takardar, da sunan mai bayarwa da na malaminsa.

Abin da wannan tarihi na shekara ɗari da 'yan kai yake karantar da mu, a ganina, shi ne cewa duk lokacin da ƙasar nan ta sami malamai nagari, ko a zaure ko a Katsina ko a kwalejojin larduna, sharuɗɗa uku ne suka haɗu: an zaɓi mai hazaƙa tun daga farko, an bar shi ya daɗe yana koyarwa a ƙarƙashin wanda ya san shi ya kuma ɗauki alhakinsa, sa'an nan jama'a sun ba shi abin da zai riƙe mutuncinsa har ya ga babu dalilin barin aji. Dokar 2022 da ta ƙara wa malamai shekarun yin ritaya zuwa 65 ta taɓa gefen sharaɗi na uku, amma tsawaita zaman mutum a aiki ba ya ƙara masa abin da ba a koya masa ba tun farko. Saboda haka kira ya tabbata a kan masu mulki da su mayar wa horon malamin firamare da gidansa na kansa, da makarantar gwaji, da masu horarwa da suka taɓa riƙe aji ɗaya da hannunsu. A kan shugabannin kwalejoji da su ji tsoron Allah a kan kowace takarda da za su sa wa hannu, domin shaida ce, kuma za a tambaye su a kanta. A kan iyaye kuma, waɗanda kowannensu yake son ɗansa ya faɗa hannun malami gwani, da su yarda wani daga cikin 'ya'yansu masu ƙoƙari ya zama wannan malamin. Allah Ya jiƙan waɗanda suka koyar da mu, Ya kuma ba na bayansu abin da za su koyar.